Sarewa a Firƙar Tsawa

A unguwar Mahjar da ke Jidda, in ka ce kana neman Othman, sai a tambaye ka wanne. In ka ce Abu Saif mai uwar ganga, duk wanda ka tarar zai nuna maka ƙofar gidansa. Haifaffen Jidda ne. Kakansa ne ya taso a ƙafa daga ƙasar Hausa don ya sauke farali, ya sauke, ya zauna. Sana'ar Othman samkara ce, wato gyaran jikin mota da guduma, amma ba da ita ya yi suna ba. Da Firƙar Tsawa aka san shi, ƙungiyar makaɗan da mahaifinsa, marigayi Bello, ya kafa. Suna fita biki, suna fita sallah, kuma duk shekara suna shiga gasar da wani kamfanin shirya bukukuwa ke haɗawa tsakanin firƙoƙin unguwanni.

Ganguna zalla ne kiɗansu. Sukan shigo fili sahu-sahu cikin fararen riguna da jar ɗamara, ƙananan ganguna a gaba, kalangai a gefe, uwa a tsakiya rataye a kafaɗar Othman. Ita ke kira, sauran su amsa. Tsakanin kira da amsa akwai ɗan shiru, kuma a cikin shirun nan ne ƙafafun sahun gaba ɗaya ke dira ƙasa. Tsofaffin unguwa kan ce shirun ya fi kiɗan tayar da tsigar jiki.

Akwai abin da Othman ya daɗe yana ɓoyewa. Guduma da rana, ganga da yamma, shekara da shekaru, sun cinye masa kunne. A hankali abin ya zo. Ya fara rasa kukan tsuntsaye, sannan ƙarar waya, sannan muryar jikokinsa. Duk wani siririn sauti ya ɓace masa. Ganga ce kaɗai ba ta guje shi ba, don ita da ƙirji da tafin ƙafa yake jin ta. Ban da ɗansa Saif, mutum biyu ne suka sani: matarsa Bashira, sai amininsa Abdulghani mai kalangu, wanda suka taso tare tun suna wasan ƙasa. A fili Abdulghani ke tsayawa a hagunsa, in lokacin shiga ya yi ya ɗan taɓa shi da gwiwar hannu. A wurin zama kuwa, in wani ya yi magana ƙasa-ƙasa, sai Abdulghani ya maimaita da ƙarfi kamar mai raha: "Kun ji shi fa, wai a matsar da atisaye zuwa Asabar!" Ana dariya, Othman ya gane abin da aka ce, ba wanda ya lura.

Wata shekara sai kamfanin gasar ya sauya ƙa'ida. Ya ce an yarda a shigo da kayan busa, har ma za a ba da maki a kansu. Kafin mako ya zagayo, labari ya zo cewa firƙar unguwar Safa ta ɗauko masu sarewa, ta Waziriyya kuma na neman mai algaita. Firƙar Tsawa ta daɗe rabonta da kofi, kuma samarinta sun gaji da dawowa gida hannu rabbana.

Mazen ɗan Abdulghani ne ya kawo maganar. Shi ke kula da shafin firƙar na intanet da yi mata rajista, kuma samari na jin maganarsa. Wata Juma'a bayan la'asar ya shigo filin da suke atisaye, a bayan shagon mai facin taya, tare da wani dogon mutum mai ɗauke da ƙaramin baƙin akwati.

"Ya Ammi," ya ce wa Othman, wato baffana, Hausarsa na tuntuɓe da Larabci, "wannan Rafi'u ne. Bahaushen Sudan ne, yaƙi ya koro shi da iyalinsa. A can cikin masu badujala yake busa. Wallahi in ka ji shi sai ka yi kuka."

Rafi'u ya rusuna ya gaishe shi da Hausa mai kyau, irin wadda Othman ya daɗe bai ga an yi masa ba. Ya buɗe akwatin, ya harhaɗa wata baƙar sarewa ta Turawa mai maɓallan azurfa, ya kai baki. Othman ya ga kumatunsa sun cika, yatsunsa na tafiya, ya ga samari sun yi tsit, wani har ya lumshe ido. Shi kam babu abin da ya iso masa sai wani ɗan zuuu can nesa, kamar sauro a ɗakin maƙwabci.

Da aka gama, duk ido ya dawo kansa.

"Allah ya yi masa baiwa," in ji Othman. "Amma ba a firƙar nan ba."

Daga ranar unguwa ta rabu biyu. A bakin masallaci ana maganar, a wurin mai shayi ana maganar, mata ma sun ɗauka a gidajen suna. Wasu na cewa zamani riga ne, kowa da irin tasa. Wasu na cewa abin da Bello ya bari ba na gwaji ba ne. Othman bai ɓoye hujjarsa ba, kuma hujjar ba ƙarya ba ce. Yakan ce gangarsu magana take yi. Kiran farko da uwa ke yi in sun shigo fili kalmomi ne: ƙafa ta kawo mu, ƙafa ta ƙi komawa. Yaran yanzu ba su iya haɗa jimlar Hausa biyu ba tare da sun faɗa Larabci ba, amma hannunsu na faɗin maganar kakanninsu ko ba su sani ba. In aka cika shirun da busa, maganar ta nutse, ganga ta koma abin rakiya.

A gida Bashira ta dube shi yana cin abinci ta ce, da ƙarfi kamar yadda ta saba, "Abu Saif, gaskiyarka ce. Amma ba ita kaɗai ba ce, ni da kai mun sani."

Ya ture kwanon. "To in fita in yi shela? In ce musu mai uwar ganga kurma ne?"

"Ban ce ka yi shela ba. Na ce ka je a duba ka. Saif ya yi maka magana har ya gaji."

"In sa abu a kunne kamar mai gadin banki? Allah ya kiyaye."

Abdulghani ya same shi a garejinsa da safe, ya ja shi waje inda babu ƙarar guduma, ya tsaya inda zai ga bakinsa.

"Abu Saif, ka sassauta. Ni zan riƙa ba ka alama kamar kullum. Sarewa ta tsaya, in taɓa ka, ka shiga. Wa zai sani?"

"Ni zan sani. Da ina jin abin da ake yi, kai kana tuna mini ne kawai. Yanzu so kake in zama jakin da ake zungura."

"Yaran nan za su watse. Na Safa na zawarcin uku daga cikinsu. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya."

"Ɗanka ne ya aiko ka?"

Abdulghani ya gyara hularsa ya tafi.

Aka sa ranar da za a yanke magana. Aka shimfiɗa darduma a filin atisaye, manya a gaba, samari a tsaitsaye jikin bango, ana zagayawa da shayi. Rafi'u ya koma can lungu bayan inda Othman ke zaune, kusa da tarin tsofaffin tayoyi, don ba ya son a ce ya zo neman gindin zama. Mazen ya yi bayaninsa, ya kawo maganar maki da alƙalai da masu kallo a waya. Sannan Othman ya miƙe.

Ya yi magana yadda bai taɓa yi ba. Ya faɗi yadda mahaifinsa ya ɗaure fatar uwa da hannunsa. Ya buga kiran farko a cinyarsa, ya fassara musu kalma-kalma. Ya ga wasu samarin sun fara sunkuyar da kai, ya ga tsofaffi na gyaɗawa, ya san ya kusa cin nasara. Sai ya ƙara abin da bai kamata ya ƙara ba.

"Kuma ni na saurari abin nan da kunnena. Babu komai a ciki sai kukan mage. Duk inda aka busa shi, ko daga bayan gari ne, sai ya dame ni."

Bai san cewa tun da ya fara zancen mage Rafi'u ke ɗan gwada sarewarsa a bayansa ba. Mazen ne ya yi masa alama ya shirya, don a busa wa mutane kafin ƙuri'a, shi kuma yana ɗumama ta a hankali. Kowa na ji. Othman ya ga idanun mutane na tsallake kafaɗarsa, bai gane dalili ba.

Abdulghani ya ajiye kofin shayinsa. Ya ɗaga murya, irin ɗagawar da ya saba yi don ya taimake shi.

"Abu Saif, me ake busawa yanzu?"

"Yanzu kamar yaya?"

"Yanzu-yanzun nan. A bayanka."

Othman ya waiwaya. Rafi'u na tsaye da sarewa a baki, idanunsa sun firfito, ya sauke ta da sauri. Wani saurayi ya kasa riƙe dariya, aka zungure shi.

"Jama'a, ku yi mini afuwa," in ji Abdulghani, bai dubi amininsa ba. "Abu Saif ɗan'uwana ne, kowa ya sani. Amma ya daɗe ba ya ji. Ni nake ja masa gora a fili. Ba al'ada yake karewa ba, kansa yake karewa. Na riƙe masa wannan abu tsawon shekaru, amma ba zan bari firƙar Baba Bello ta mutu a kansa ba."

Wannan karon kowace kalma ta shiga kunnen Othman, don Abdulghani ya fi kowa sanin yadda ake yi masa magana ya ji.

Wani dattijo ya ce, "Aib, abin kunya ne, ya Abdulghani. Wannan ba a bainar jama'a ake faɗinsa ba." Amma an riga an faɗa. Othman ya ga yadda fuskokin suka sauya. Waɗanda ɗazu ke sunkuyar da kai don kunyar maganarsa, yanzu tausayinsa suke ji. Duk abin da ya faɗa game da kira da amsa da maganar ganga ya tashi daga hujja ya koma uzurin kurma. Aka ɗaga hannuwa. Har cikin tsofaffin ma wasu sun ɗaga, suna kallon darduma.

Mazen ya matso ya sumbaci kansa. "Ya Ammi, kai ne babanmu har gobe. Za ka riƙe sandar firƙa ka shige gaba, mu bi ka. Uwa kuma ni zan ɗauke maka nauyinta."

Othman ya dube shi, ya dubi gangar da ke jingine a bango cikin rigarta. Ya sa takalmansa ya fita, bai yi wa kowa sallama ba.

Bashira ta ce ya aika a ɗauko gangar, ai ta ubansa ce. Ya ce ubansa bai ɗaure ta don ta zauna a ƙarƙashin gado ba. Bai ƙara taka filin atisaye ba. Ya sauya masallacin da yake sallar la'asar. A gareji ya daina hira, sai guduma. Abin da ya fi ci masa rai shi ne yadda unguwa ta koma yi masa: mai kanti na yi masa ihu a fuska, maƙwabta na yi masa magana da hannu kamar bebe, mutanen da jiya ke hira da shi lafiya lau.

Da abin ya ishe shi, ya bar ɗansa Saif ya kai shi asibiti. Aka auna, aka sa masa 'yan na'urori biyu a kunne. Duniya ta dawo masa da hayaniyar da ya manta da ita: ƙugin na'urar sanyaya ɗaki, karon cokali da kofi, jan silifas ɗin Bashira a tsakar gida. Ya ji jikarsa ta kira shi da sunan da bai san tana kiransa da shi ba. Ya shiga bayi ya daɗe.

Ranar gasa ya ce ba zai je ba. Da azahar ta wuce ya sa farar rigarsa, ba ɗamara, ya hau mota shi kaɗai. Ya zauna can sama cikin 'yan kallo inda ba wanda ya san shi. Firƙar Waziriyya ta yi nata, ta Safa ta yi nata. Aka kira Tsawa.

Suka shigo sahu-sahu, Mazen a tsakiya da uwa a kafaɗa, Abdulghani a hagunsa, Rafi'u da wasu masu busa biyu a gaba. Da gangunan suka tashi, Othman ya dafe kai. A cikin na'urar ba ganga yake ji ba, sai ka ce ana jifan rufin kwano da duwatsu. Abin da ya rayu a kansa ya zama abin da kunnensa ba ya iya ɗauka. Ya kai hannu zai cire, sai gangunan suka lafa, Rafi'u ya shiga.

Wannan ne karo na farko da Othman ya ji sarewar. Ta fito a hankali, da kauri a ƙasa, ta hau sama ta yi siriri ba tare da ta karye ba, ta sauko kamar mai rarrashi. Ba kukan mage ba ne. Abu ne mai kyau ƙwarai, kuma mutumin ya san abin da yake yi. Wata mata kusa da shi ta sa gefen mayafinta tana share ido. Othman ya ji haushin kyawun abin fiye da yadda zai ji da a ce ya yi muni.

Sannan Mazen ya buga kiran farko. Hannunsa na da ƙarfi, bugunsa a tsabtace, amma ya haɗe gaɓoɓin don su dace da busar, ya cinye shirun da ke tsakiya. Babu ƙafa, babu komawa, babu magana ko ɗaya. Kiɗa ne kawai mai daɗi. Othman ya dudduba ko akwai wanda ya lura. Fili ya ɗauki tafi. A ƙasa ya hango Abdulghani ya ɗan yi turus da kalangunsa, kamar wanda ya taka matakalar da babu ita, sannan ya ci gaba.

Tsawa ce ta ɗauki kofin. Othman bai tsaya an miƙa ba.

Washegari da hantsi Abdulghani ya yi sallama a ƙofar gidansa, rungume da kofin. Othman ya shigar da shi ɗakin baƙi, don ba a korar baƙo. Bashira ta aiko da gahawa da dabino, ita ba ta fito ba.

"Yara sun ce a gidanka zai zauna," in ji Abdulghani da ƙarfi.

"Rage murya. Ina ji."

Abdulghani ya dubi kunnensa, ya sauke ido. "Alhamdu lillahi. Ka ga da tun farko ka yarda an duba ka..."

"Da tun farko na yarda, da ba ka tona ni ba? Haka kake so ka ce?"

"Abu Saif, na yi kuskure a yadda na faɗa. Amma dubi abin da ya fito."

"Na gani. Ina wurin." Othman ya zuba masa gahawa. "Kai ma ka ji abin da ɗanka ya buga. Na ga hannunka ya tsaya."

Abdulghani ya juya ɗan kofin a hannunsa. "Za a gyara. In ka dawo ka koya masa."

"Na koya musu, a gaban kowa, ranar nan. Kai ka ce musu kada su saurara."

Gahawar ta huce a gabansu. Da Abdulghani ya miƙe, Othman ya nuna masa kofin gasar da haɓa. "Ɗauki kayanka. Ban buga ba, ban ci ba."

Bayan 'yan watanni Saif ya matsa musu su bar tsohon gidan Mahjar su koma kusa da shi a Safa, wani bene mai lif na hawa sama da wurin ajiye mota. Da can Othman ko zancen ba ya so. Wannan karon ya ce to. Ana cikin ɗaure kaya sai ga Rafi'u, ba akwati a hannunsa. Ya tsaya a bakin ƙofa ya gaishe shi, ya ce tun ranar taron bai samu sukuni ba, wallahi bai san abin da za a yi da busarsa ba ke nan.

"Na sani," in ji Othman. "Ba ka da laifi. Kuma na ji ka a fili. Ka iya."

Fuskar Rafi'u ta saki. "To Baba, alfarma nake roƙo. Ni na ji maganar da ka fassara ranar nan, irinta kakana ke faɗa mana a gida. Ka koya mini sauran. In na san inda ganga ke magana, sai in riƙa yin shiru a wurin, in bar mata hanya."

Othman ya daɗe yana kallonsa. Ya san mutumin da gaske yake, ya kuma san wannan ce kaɗai hanyar da ta rage wa maganar mahaifinsa. Ya tuna dariyar saurayin nan, da hannuwan da aka ɗaga, da yadda za a ce ai Abu Saif ya huce ya dawo, dama rigimar tsufa ce.

"Je ka tambayi Abdulghani," ya ce. "Shi ne mai kunne."

"Ya ce rabi kawai ya sani. Ya ce amsa ya iya, kiran na wurinka."

"To ku yi da rabin."

Rafi'u ya ƙara roƙo, Bashira ma ta sa baki daga ciki, ta ce, "Abu Saif, ka ji tsoron Allah, bawan Allahn nan bai yi maka komai ba." Othman ya sunkuya ya ci gaba da naɗe darduma. Rafi'u ya tsaya har ya gaji, ya yi sallama ya tafi.

A shekarar da ta biyo baya Tsawa ta ƙara masu busa, ta rage kalangai, Abdulghani ya koma riƙe sanda a gaba. Othman a bakin Saif ya ji, yana zaune a barandar bene yana kallon motoci na shiga babban kanti. Ya tambaya ko an kira la'asar, don a Safa masallacin da ɗan nisa, kuma har yanzu bai saba da muryar ladaninsu ba.